Ba Dunoma Mai Kai Saƙon Rasuwa

Yayana Dunoma sana'arsa fataucin banda, wato busasshen kifi, amma ba da ita aka san shi ba. Daga Gashua har Nguru, idan aka ga Ba Dunoma, kamar yadda ake kiran sa don girmamawa, ya shigo unguwa ba kwalin kifi a tare da shi, mata kan dakata da daka su kasa kunne su ji gidan da zai yi sallama. Ya fi shekara arba'in yana kai wa mutane labarin mutuwar nasu. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda yake biyan sa. Ni ce ƙanwarsa Meram, kuma tun da mijina ya rasu ni nake raka shi duk lokacin da mace za a faɗa wa, domin ya ce in ta yanke jiki ba shi ya kamata ya tare ta ba.

Abin daga gidanmu ya samo asali. A Nguru aka haife mu, bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinmu ya tafi Gashua sayen kifi, zazzaɓi ya kama shi a can, kwana biyu ya cika. Wani maƙwabcinmu da ya dawo a motar safe ya tarar da mahaifiyarmu a kasuwa tana awon gero. Ya ɗauka ta riga ta ji, ya ce mata ya haƙuri. Ta tambaye shi haƙurin me. Shi kuwa maimakon ya yi dabara, sai ya faɗa mata a tsaye, a gaban mai awo. Ina riƙe da gefen zaninta lokacin da ta faɗi, shekarata tara. Tun daga ranar ɓarin jikinta ya shanye, ta yi shekara bakwai ba ta iya kiran sunayenmu daidai, har ta bi mahaifinmu. Dunoma yana da sha tara a lokacin. Bai taɓa ce wa kowa ya ɗauki alkawari ba, amma daga nan duk rasuwar da aka yi aka rasa wanda zai tafi ya faɗa, shi yake miƙewa ya ɗauki hularsa.

Yana da tsarinsa, kuma ba ya canza shi don kowa. Ba ya sa sabuwar riga, ba ya kuma shiga gida da gaggawa ko da a guje ya zo. Kafin ya yi sallama sai ya samo dattijo ɗaya a maƙwabta ya zaunar da shi a zaure. In ya shiga ya zauna a ƙasa, a kawo ruwa ya sha, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Sannan ya bincika ko wanda ya zo dominsa ya ci abinci. Idan bai ci ba, sai ya ce shi ma yunwa yake ji, a kawo su ci tare. Na sha ganin sa yana tura tuwo alhali na san ba yunwar yake ji ba. In mai shan magani ne, sai ya ga ya sha da idonsa. Bayan duk wannan ne zai ce daga wurin wane yake, jikin ba daɗi. Ya yi shiru. Can ya ce gaskiya jikin ya yi tsanani, ana so a zo. Ya sake yin shiru. Ba ya furta kalmar da bakinsa sai an tambaye shi, domin a cewarsa duk wanda ya iya buɗe baki ya ce ko ya rasu ne, zuciyarsa ta riga ta gyara zama. Wanda ya ga bai kai nan ba, haka yake sa shi a mota, a hanya ya ƙarasa masa.

Mutum ne mai sanyin jiki har ya ba ka haushi. Albasa in zai saya sai ya gaisa da mai ita kamar aure ya zo nema, matarsa kuwa ta daɗe da daina aiken sa cefanen rana. Ni ban gado wannan ba, abu kaɗan ke tunzura ni, shi ya sa in mun shiga gida aikina kawai na zauna kusa da matar na rufe bakina. Amma sanyin nan nasa ya yi wa mutane amfani. A duk tsawon shekarun nan ban san mutum ɗaya da ya faɗi irin faɗuwar mahaifiyarmu a gabansa ba.

Da waya ta iso garinmu, ba zan yi ƙarya ba, murna muka yi, kuma Dunoma yana cikin na farkon saye. Da can sai ya loda kifi ya kai Nguru ya tarar kasuwa ta cika maƙil, ya dawo da shi yana karyewa a kwali. Da waya sai ya tambaya tun yana gida. Shekarar da kogi ya yi ambaliya, ta waya mutanen gaba suka gaya mana ruwa yana tafe, muka kwashe hatsi kafin ya shigo unguwarmu Katuzu a Gashua. Ranar da 'yata ta haihu a Potiskum, kukan jaririn na ji a kunnena ina tsaye a madafa. Har a aikinsa ta taimake shi, don tun yana mota zai kira wani dattijo a can ya ce masa ya je ya zauna a zauren wane, kada ya ce komai, ga shi nan tafe. Wayar tana nan har yau, ƙarama, irin wadda ake wa tsiya da raka-ni-kashi, ya ɗaure bayanta da kyauro.

Lalacewar ta zo ne da manyan wayoyin nan na shafawa. Ni ma ina da ita, ɗana ya saya min, kuma ina cikin guruf na dangi da na 'yan unguwa da na matan islamiyya, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Yanzu mutum bai gama sanyi ba hotonsa ya kai Legas. A samo wanda ya ɗauka ranar sallah yana murmushi, a jera masa fuskokin nan masu hawaye guda goma a ƙasa, wanda ya ɗora kuwa yana zaune a majalisa yana cin gyaɗa. Kowa so yake a ce a wurinsa aka fara gani, kai ka ce kyauta ake ba wanda ya riga. Ba mai tsayawa ya tambayi kansa ko uwar mamacin ta ji, ko matarsa tana kan hanya da goyo. Akwai wani mai gyaran keke a Jajimaji da aka kashe shi a waya tun da safe, ya wuni yana amsa gaisuwar mutuwar kansa, wanda ya fara yaɗawa kuma ko haƙuri bai ba shi ba, ya dai goge abin ya ci gaba da harkarsa.

A zaman makoki ma abin ƙyama ne. Za ka ga tabarma cike da mutane kowa ya sunkuyar da kai, ka ce tasbihi suke yi, ashe yatsa ne ke ta shafe-shafe. Ana tsakiyar addu'a waƙa ta ɓarke a jakar wata, ta tsaya lalube, ta ɗauka ta ce tana gidan rasuwa ne, sannan ta zarce da cinikin atamfa. Dunoma ya ce a maƙabarta har akwai masu ɗaga waya sama lokacin da ake saka mutum a kabari. Ni dai ban san wanda zai zauna ya kalli wannan ba, ban kuma san abin da zai ƙara masa ba.

A hankali aikin Dunoma ya ragu. Sau da dama mukan sauka a mota mu jiyo kururuwa tun daga bakin layi, mu san an riga mu. Sai ya shiga ya yi gaisuwa kamar kowa, mu juyo. Ni ce nake zage-zage a mota har mu iso gida, shi kuwa ya ce na bari, kowane zamani da nasa. Amma na lura duk ranar da haka ta faru ba ya cin abincin dare.

Akwai wata tsohuwa a unguwar Bulabulin a Nguru, Ya Fanna, ƙawar babbar yayarmu ce tun suna 'yan mata. Shekara ashirin da suka wuce mijinta ya rasu a haɗarin mota, kuma Dunoma ne ya je ya faɗa mata. Ɗa namiji ɗaya ya rage mata, Kalli, wanda ya dawo Gashua yana noman shinkafa a ƙetaren kogi. Ya yi juyin duniya ta dawo wurinsa, ta ce ba za ta bar ɗakin mijinta ba. Tana da hawan jini mai ƙarfi, an taɓa kwantar da ita sau biyu, likita kuma ya ja kunnen Kalli a kan duk wani abin firgita. Wata malamar firamare ce take haya a gidan, ita kuwa da safe take fita. Saboda haka Kalli ya saya wa uwarsa ƙaramar waya, aka ɗinka mata 'yar jaka tana rataye ta a wuya. Ba ta karatu, ba ta iya kira ba, koren maɓalli kawai ta sani. Sai ya sa wa lambarsa wani sauti daban, kamar kukan tsuntsu, don ta gane shi ne. Kullum da safe tsuntsun nan sai ya yi kuka.

Wata Talata a tsakiyar daminar bara, kogi ya cika yana gudu, kwalekwalen da ya ɗauki su Kalli zuwa gona ya kife. Mutum biyar ne a ciki, huɗu suka fita, ban da Kalli. Dunoma yana bakin ruwan yana sayen kifi, ni kuma ihu ne ya fito da ni daga gida. Masunta suka yi ta nutso kusan awa guda kafin su samo shi, wajen ƙarfe goma.

Abin da na gani a bakin kogin nan har yau ban manta da shi ba. Mutum huɗu ne suka ɗauko shi daga ruwa, amma waɗanda suka ɗaga waya sun fi talatin. Magidanta ne fa, da gemunsu, suna ture juna. Wani har ya durƙusa don ya samu fuskar da kyau, wani yana magana a cikin tasa wayar yana bayani kamar an aiko shi daga gidan rediyo. Ba wanda ya tuna ya rufe bawan Allahn nan. Dunoma ne ya cire rigarsa ya lulluɓe shi, ya miƙe daga shi sai 'yar shara. A ranar na fara jin yayana ya ɗaga murya.

"Ku ji tsoron Allah. Yana da uwa a Nguru, mai hawan jini ce, ita kaɗai ce a gida. Awa biyu nake roƙo, ku bari na isa."

Wasu suka sauke wayar, wasu suka juya baya suka ci gaba da latsawa. Rabe, abokin noman Kalli wanda suke da injin ban-ruwa tare, yana gefe yana kuka na gaskiya. Shi ya ce zai tsaya a kan komai, za a yi jana'iza bayan la'asar. Dunoma ya dafa shi ya ce kada kowa ya kira Nguru, Rabe ya ce to. Ba mu san cewa Kalli ya bar wayarsa a wurin mai caji kafin ya shiga kwalekwale ba, don unguwarsu ta kwana uku ba wuta.

Dunoma ya aro riga a wurin wani masunci, muka nufi tasha. Motar Nguru saura mutum uku ta cika, ya ce direba ya tashi, shi zai ɗauki kujerun. Tun daga nan ya fara kiran Malam Abdulbaƙi, maƙwabcin Ya Fanna, don ya tura matarsa ta zauna da ita ta kuma karɓe wayar wuyanta da dabara. Wayar malam a kashe. Ya kira malamar da ke haya, tana aji, ba ta ɗauka ba. Haka abin nan yake, ranar da kake neman ta ido rufe ranar take mutuwa, ta masu gulma kuwa kullum a cike take da caji.

Ba mu yi nisa ba wani fasinja a kujerar baya, mai shadda da agogo, ya kunna wani abu da ƙarfi. Na ji ƙarar ruwa da hayaniya, na ji muryar yayana yana cewa ku ji tsoron Allah. Hatta roƙon da ya yi sun ɗauka sun yaɗa. Mutumin ya miƙa wa na kusa da shi yana cewa duba, yanzun nan aka yi a Gashua, ga fuskarsa ma ta fito sosai. Na juya na wanke shi tas. Na tambaye shi in ubansa ne a kwance haka zai so a yi ta miƙa shi hannu-hannu a mota. Ya ce shi ma turo masa aka yi, kamar wannan wani uzuri ne. Dunoma bai juyo ba, ya dai ce wa direba ya ƙara wuta.

Ni ɗin ma da nake faɗa, sai da na zaro tawa na duba. A guruf na 'yan unguwa an riga an ɗora hoton Kalli, mutum sittin da wani abu sun yi addu'a a ƙasa, har da wata 'yar Bulabulin da na sani. Na kashe wayar na jefa a jaka. Gab da Jajimaji kuma ruwa ya cinye gefen titi, motoci suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, muka ɓata kusan rabin awa a wurin. Dunoma yana ta kiran Malam Abdulbaƙi, wata mata a cikin wayar tana ta maimaita masa cewa a kashe take.

Rana ta take muka sauka a Nguru. Tun daga bakin layi na kasa kunne, ban ji kuka ba. Akuya ce kawai a ƙofar gidan tana cin ɓawon kankana. Dunoma ya sauke ajiyar zuciya, ya gyara hularsa, ya ce min cikin raɗa mun riga su. Na daɗe ban ga fuskarsa ta saki haka ba. Ya leƙa gidan Malam Abdulbaƙi ya taso shi ya zaunar a zaure, sannan ya rage tafiya, ya yi sallama a natse.

Ya Fanna tana zaune a tabarma a gindin darbejiya. Na lura da mayafinta a kafaɗa, takalmanta a jere a gefe, da wani ɗan ƙulli a kusa da ita, amma ban kawo komai a raina ba. Ta amsa sallama, ta yi mana lale, ta ce na ɗebo ruwa a randa tunda ni 'yar gida ce. Dunoma ya sha, ya tambayi malamar haya, ya tambayi jikokinta na wajen 'yarta da ke Kano, duk ta amsa. Ya ce ko ta ci abinci. Ta ce ba ta ci ba, akwai sauran ɗanwake a kwano. Aka kawo, ya ci, ta ci loma uku. Ya tambayi magani, ta ce na ɗauko a kan taga, ta haɗiya a gabansa. Ni na koma kusa da ita na zauna, kafaɗata tana taɓa tata.

Ya ce daga wurin Kalli muke, jikin ba daɗi. Ta ce Allah ya sawwaƙe. Aka yi shiru, har ina jin akuyar nan a waje. Ya ce gaskiya jikin ya yi tsanani, ana so ta zo. Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana kallon tabarma. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Dunoma, ya rasu ne?"

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai haƙuri, Ya Fanna."

Ta maimaita salatin, ta kifa kanta a cinyata, ta yi kuka mai yawa. Ban hana ta ba. Ba ta suma ba, ba ta faɗi ba. Na dubi yayana ina cewa a raina yau dai Allah ya ba shi sa'a a kan wayoyin nan.

Da ta natsa ta tashi zaune ta share fuska da mayafi. Ta kama 'yar jakar da ke wuyanta, ta ce tun wajen sha ɗaya ta sani. Tana shara tsuntsun ya yi kuka, ta yar da tsintsiya ta danna kore ta ce, Kalli yau ka makara. Sai ta ji muryar wani daban, yana magana da sauri kamar mai karanta takarda. Ya ce ana sanar da ita cewa mai wannan waya Allah ya yi masa rasuwa a ruwa, jana'iza bayan la'asar a Gashua, in ta san wasu ta faɗa musu. Kafin ta ce wani abu ya kashe. Ba ta iya kira ba, ba kowa a gidan, ƙafafunta kuma suka ƙi kai ta ko ƙofa. Da rarrafe ta ɗauko mayafi da takalmi ta dawo tabarma.

Dunoma ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tun shigowarmu.

"Na ce wa kaina ban ji ba," in ji ta. "Na ce in gaskiya ne za ka zo, kamar yadda ka zo na babansa. Kaina yana sarawa, ina ganin duhu, ina cewa Fanna ki jira Dunoma. Da ka shigo ba kifi na san shi ke nan. Amma so nake a faɗa min ɗana ya mutu yadda ake faɗa wa mutum."

Awa biyu tsohuwar nan ta yi ita kaɗai da wannan magana a ƙirjinta, a gidan da ko mai miƙa mata ruwa babu. Ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda na ji ta wannan 'yar jakar ba. Dunoma ya sunkuyar da kai. Ita ce ma ta koma ba shi baki, tana cewa ya yi nasa, Allah ya biya shi. Sannan ta cire wayar daga wuyanta ta miƙa min, ta ce na riƙe mata, ba ta son jin nauyinta.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Rabe ne ya karɓo wayar Kalli a wurin mai caji, ya zauna ya bi sunayen ciki tun daga sama yana kira ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi yanzu. Ya rantse bai duba suna ba, hankalinsa ba ya jikinsa, so yake kawai abokinsa ya samu jama'a. Kuma ya samu, an ce an daɗe ba a ga sahu irin na ranar ba. Ba mugu ba ne, na sani. Amma har yau in ya gaishe ni da ƙyar nake amsawa.

Muka ɗauki Ya Fanna a mota, tana tsakanina da Dunoma, Malam Abdulbaƙi a gaba. Mun wuce Jajimaji kaɗan sai kukan tsuntsu ya tashi a cikin jakata. Na ga hannunta ya tafi ƙirjinta da sauri yana laluben abin da ba ya wurin, fuskarta ta yi haske na ɗan lokaci kafin ta tuna. Na zaro wayar, sunan Kalli yana kai. Na rasa yadda zan yi da ita, Dunoma ya miƙo hannu ya karɓa ya danna.

Muna jin muryar Rabe, da saurin nan nasa, yana cewa ana sanar da jama'a an ɗan matsar da jana'iza zuwa ƙarfe biyar, saboda ana jiran mahaifiyar mamacin daga Nguru, ba a riga an faɗa mata ba.

"Rabe, Dunoma ne," in ji yayana a hankali. "Wayar mahaifiyarsa ka kira. Karo na biyu ke nan."

Dunoma ya kashe, ya juya wayar ya ɓalle bayanta, ya cire batirin ya sa a aljihunsa. Ya Fanna ba ta sauke hannunta daga ƙirji ba har muka shiga Gashua.